Yadda Ake Yi Wa Ƙaramin Fim Mai Launi Wankin Saɓani

Duk wanda ya riski zamanin ɗakin duhu a shagunan masu hoto ya san cewa fim iri biyu ne. Akwai wanda idan aka wanke shi yakan fito a dodo, fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari, ba a ganin kamannin mutum sai an buga shi a takarda. Akwai kuma wanda hoton yakan fito sosai a jikin fim ɗin kansa, a ɗaga shi wajen haske a ga komai a mazauninsa, a ɗora shi a majigi a haska a bango ba tare da an buga komai ba. Wannan na biyun shi ake kira ribasal, kuma a kansa ƙananan kyamarori suka taso, tun daga 1923 da kamfanin Kodak ya fito da fim mai faɗin milimita 16 har zuwa 1965 da ya fito da Super 8.

Wankin saɓani, wanda masu sana'ar ke kira kuros furoses, shi ne a ɗauki fim ɗin ribasal mai launi a tsoma shi da gangan cikin magungunan da aka haɗa domin wanke dodo. Wankinsa na asali, wanda ake kira E-6, bugu biyu ne: magani na farko yakan baƙanta azurfar jikin fim da haske ya taɓa ba tare da ya fito da launi ba, sannan a tayar da sauran azurfar da haske bai taɓa ba, sai magani na biyu ya gina rini a gurbinta, shi ya sa hoton ke fitowa daidai. A wankin saɓani tsallake bugun farko ake yi, a kai fim kai tsaye ga maganin launi, sai rinin ya ginu a inda haske ya sauka, a sami dodo. Amma dodo ne da ya sha bamban da wanda aka saba gani, domin ba shi da ruwan lemon nan da ke lulluɓe dodon asali, wanda aikinsa shi ne gyara kurakuran rini, kuma an gina fim ɗin tun farko da tazara mai faɗi tsakanin haske da duhu saboda ido ne zai kalle shi kai tsaye. Idan aka juya shi a kwamfuta sai a ga baƙi ya yi ƙirin, fari ya yi fat, launuka sun cika sun tumbatsa, tsabar fim, wato ƙananan ɗigogin da ke gina hoton, ta fito ɓaro-ɓaro, kuma hoton gaba ɗaya ya karkata wajen kore, ko rawaya, ko shuɗi.

Mutane da yawa suna ɗaukar wannan aiki a matsayin caca, a jefa fim a magani a jira abin da Allah ya nufa. Ni ban yarda da haka ba. Fim iri ɗaya, da haske iri ɗaya, da magani iri ɗaya a zafi iri ɗaya, sakamako iri ɗaya za su bayar, kuma wanda ya sadaukar da kwanso guda, wato akwatin robar da fim ɗin Super 8 ke zuwa a ciki, domin gwaji ya rubuta abin da ya yi zai iya maimaita kamannin da yake so a duk ranar da ya ga dama. Abin da kawai ya kamata a sani tun kafin a fara shi ne babu komawa baya: fim ɗin da aka wanke ta wannan hanya ya tashi daga na majigi, idan aka haska shi dodo za a gani a bango.

Zaɓen fim

Sabon fim ɗin da aka fi samu yanzu shi ne Ektachrome 100D na Kodak, mai lamba 7294, wanda ya dawo kasuwa a 2018 bayan an dakatar da magabacinsa a 2012. An daidaita shi da hasken rana, saurinsa wajen kama haske 100 ne. Kwanson Super 8 yana ɗauke da ƙafa 50, wato mita 15, firam (ɗaiɗaikun hotunan da ke jere a fim) 3,600 ke nan, wanda zai ba da minti 3 da daƙiƙa 20 idan ana gudu a firam 18 cikin daƙiƙa, ko minti 2 da rabi a firam 24. Ƙaramin naɗin milimita 16 kuwa ƙafa 100 ne, firam 4,000, bai cika minti 3 ba a firam 24.

Tsohon fim da ya kwana a akwati ma yana yin aiki, muddin an rubuta E-6 a kwalinsa, sai dai yakan zo da hazo a gindinsa kuma saurinsa ya ragu. Wanda za a guje wa shi ne Kodachrome. Shi ba a saka masa sinadaran da ke zama rini a jikinsa ba, a wurin wanki ake ƙara masa su ta wani tsari mai wahala da ake kira K-14, kuma wuri na ƙarshe da ke wannan wanki a duniya, Dwayne's Photo da ke garin Parsons a jihar Kansas ta Amurka, ya daina karɓa a ƙarshen 2010. Wanda ya tsoma Kodachrome a maganin dodo ba zai ga launi ko ɗaya ba, ga kuma baƙin shafen da ke bayansa wanda zai narke ya ɓata masa magani. Ektachrome na yanzu ba shi da wannan shafe, abin da ya sauƙaƙa wankinsa a gida ƙwarai.

Tunda daga waje fim ɗin zai zo, a roƙi mai kawowa ya riƙe shi a jakar hannu ya nemi a duba shi da hannu a filin jirgi, domin sababbin na'urorin haska kaya suna yi wa fim illa a wucewa ɗaya. Idan ya iso a ajiye shi a firji cikin ledarsa ta asali, a fitar da shi sa'o'i biyu ko uku kafin a farke ledar, don kada raɓa ta kwanta a kansa.

C-41 ko ECN-2

Magungunan dodo iri biyu ne. C-41 shi ne na fim ɗin hotunan tsaye, wanda yawancin tsofaffin injinan wankin fim suke aiki da shi, kuma shi ya fi sauƙin samu a ƙananan kwalaye na lita guda. ECN-2 shi ne na dodon sinima. Bambancinsu a wannan aiki yana cikin sinadarin da ke fito da launi: C-41 yana amfani da wanda ake kira CD-4, shi kuwa ECN-2 yana amfani da CD-3, wanda shi ne ainihin wanda aka tsara rinin Ektachrome a kansa. Saboda haka ECN-2 yakan ba da hoto mai ɗan sauƙin kai, launinsa bai yi nisa da gaskiya sosai ba, yayin da C-41 ya fi kaifi da karkata. Ana wanke ECN-2 a digiri 41.1 na ma'aunin Salshiyos tsawon minti 3, C-41 kuma a digiri 37.8 tsawon minti 3 da daƙiƙa 15. Bayanin da ke tafe na C-41 ne, domin shi mai aikin gida zai fi kamawa. Wanda ya zaɓi ya aika fim ɗinsa wata ma'aikatar wanki a Turai ko Amurka, to ya tambaye su tukuna ko suna karɓar irin wannan aiki, sannan ya rubuta umarninsa da manyan baƙaƙe a jikin kowane kwanso, domin ma'aikaci idan ya ga Ektachrome hannunsa wajen E-6 zai nufa.

Ɗauka, da kwanson gwaji

Kafin komai a duba filtar da ke cikin kyamara. Kusan kowace kyamarar Super 8 tana da wata filta mai ruwan lemo a cikinta, mai lamba 85, wadda aka saka saboda tsohon fim da aka daidaita da hasken ƙwan lantarki. Ektachrome 100D ba ya buƙatarta. Yawancin kyamarori sukan janye ta da kansu idan aka saka kwanson hasken rana, amma kada a dogara da hakan, a mayar da maɓallin wajen alamar ƙwan lantarki, domin a nan ne filtar take fita daga hanya, duk da cewa hankali zai so ya kai hannu wajen alamar rana.

Matsala ta biyu ita ce ranarmu. A firam 18 kowane firam yana samun kusan kashi ɗaya cikin 40 na daƙiƙa, kuma fim mai saurin 100 a tsakar rana a wannan lokacin yana neman a tsuke idon kyamara zuwa wajen f/22 a ma'aunin buɗewarsa, inda yawancin idanun ke ƙarewa kuma hoto ke rasa kaifinsa. Maganin abin shi ne filtar rage haske ta sitop biyu ko uku (sitop ɗaya shi ne rage haske zuwa rabi ko ninka shi biyu), wadda za ta dawo da aikin tsakanin f/8 da f/11. Mai kyamarar milimita 16 ƙirar Bolex mai madubin leƙe ta cikin ido kuwa ya tuna cewa madubin yana cinye wani kaso na hasken, shi ya sa ake lissafa masa kashi ɗaya cikin 80 a firam 24.

A nan ne kuma tunanin mai ɗauka yake buƙatar juyawa. A ribasal na asali yawan haske shi ne abin tsoro, domin yana wanke hoto ya bar fim fayau. A wankin saɓani yawan haske kauri yake sa wa dodo, ƙarancinsa kuma yakan bar inuwa babu komai a cikinta, kuma tazarar da ke tsakanin waɗannan kurakurai biyu ƙanƙanuwa ce. Mutum baƙi sanye da farar babbar riga a hasken azahar shi ne jarrabawa mafi tsanani ga wannan fim: idan aka bi rigar fuska ta nutse, idan aka bi fuskar aikin da ke wuyan rigar ya ɓace. Don haka a nemi hantsi ko la'asar sakaliya, ko inuwar zaure da haske ke shigowa ta gefe, a kuma sa wani ya riƙe farin kwali ko faifan da aka lulluɓe da takardar azurfa ya mayar da haske fuskar. Hazon hunturu, wanda masu bidiyo ke ƙorafi a kansa, alheri ne a wannan aiki, domin yana tausasa rana.

Kwanson gwaji ana tsara shi ne kamar haka. A zaɓi wurare uku irin waɗanda ainihin aikin zai ƙunsa, misali fuska a rana, fuska a inuwa, da wuri mai launuka da yawa kamar rumfar mai atamfa ko tulin tumatir da attaruhu. A kowane wuri a ɗauki daƙiƙa shida a hasken da mitar auna haske ta nuna, shida an ƙara sitop ɗaya, shida an rage sitop ɗaya, kuma a kowace ɗauka a sa takarda a cikin hoton da aka rubuta 0, ko +1, ko -1, tare da kati mai ruwan toka idan akwai. Wannan zagaye bai kai minti guda ba, saboda haka za a iya maimaita shi sau uku a kwanso ɗaya idan ana gudu a firam 18, ana lura da ma'aunin ƙafa na kyamara don kowane zagaye ya faɗa cikin kashi ɗaya bisa uku na fim ɗin. A ɗakin duhu sai a yanka shi gida uku da taimakon igiyar da aka riga aka auna mita 5, a wanke kashi ɗaya a lokacin da aka ƙayyade, ɗaya a rage masa rabin minti, ɗaya a ƙara masa rabin minti. Daga kwanso guda an ga fuskoki tara na kowane wuri. A nawa gwajin na fi gamsuwa da ƙarin kusan rabin sitop tare da ɗan rage lokacin wanki, amma wannan ra'ayin idona ne da kyamarata, kowa ya yi nasa.

Mai milimita 16 yana da ƙarin abu guda: tankin da za a ambata a ƙasa mita 15 yake ɗauka a kowane hawa, don haka dole a raba naɗin ƙafa 100 gida biyu. Idan ma'auni ya kusa ƙafa 50 sai a rufe ido a bar kyamara ta yi gudun banza na 'yan daƙiƙoƙi, don almakashi ya sauka a inda babu hoto.

Kayan aiki da haɗa magani

Tankin da aka fi amfani da shi shi ne wanda ake kira Lomo, ƙirar zamanin Tarayyar Sobiyet, musamman samfurin UPB-1A. Baƙar tukunya ce mai murfi da tiyo a gindi, a cikinta akwai faifai mai tsagi da ya naɗe kamar katantanwa, wanda ke riƙe fim a tsaye ta yadda wani zagaye ba zai taɓa wani ba. Robarsa tsohuwa ce mai saurin tsagewa, idan ta faɗi ƙasa shi ke nan. Wanda ba shi da tanki yana iya cusa fim ɗin a bokiti kamar taliya cikin duhu, zai fito, amma da ƙarce da tabo, kuma wasu ma abin da suke nema ke nan. Ni dai ina ganin tsananin da wankin saɓani ke kawowa ya isa, ba sai an ƙara masa da rauni ba.

Sauran kayan su ne ma'aunin zafi mai kyau, kwalabe uku ko huɗu masu murfi, kofin awo da mazurari na kowane magani daban, safar hannu ta roba, agogo, almakashi, da babbar kula ko baho da za a cika da ruwan ɗumi a jera kwalaben a ciki. Masu hali suna amfani da sandar ɗumama ruwa ta masu girki wadda ke riƙe zafi a lamba ɗaya, amma inda wuta ba ta da tabbas filas biyu na tafasasshen ruwa da kula mai murfi sun wadatar.

Kwalin C-41 yakan zo da dibelofa mai fito da hoto, da bilic mai mayar da azurfa yadda za ta narke, da fiksa mai kwashe ta, da ruwan ɗauraya na ƙarshe. Wasu kamfanoni sukan haɗa bilic da fiksa wuri ɗaya su kira shi biliks. A haɗa su da tataccen ruwa, domin ruwan burtsatse yakan zo da gishiri da ƙarfe. Idan wajen masu batir za a sayo tataccen ruwan, a tabbatar ba mai asid aka bayar ba, tunda duka biyun ruwan batir ake ce musu. Haka nan bilic ɗin hoto ba shi da wata dangantaka da bilic ɗin wanki, kuma tsofaffin masu hoto da ke kiran fiksa haifo ba ruwan wanke farin kaya suke nufi ba. Haɗa wancan da magungunan hoto yana tayar da iska mai guba. A fara haɗa dibelofa a rufe shi a kawar kafin a buɗe biliks, saboda ɗigo kaɗan na biliks yana kashe lita guda ta dibelofa. A yi aiki inda iska ke shiga, kuma kada a bar dibelofa ya taɓa fata, domin yana jawo ƙaiƙayi da ƙuraje ga wanda jikinsa ya ƙi shi.

Yawan maganin da tanki ke buƙata a gano shi da rana: a saka faifan babu fim, a zuba ruwa har ya rufe inda fim zai tsaya da ɗan rara, a juye a kofin awo. A wannan zaman kuma a auna daƙiƙa nawa tankin ke ɗauka kafin ya cika da kafin ya tsiyaye, a rubuta.

Naɗawa cikin duhu

Fim mai launi yana ganin kowane haske, har da jan ƙwan nan na ɗakin buga hoto, saboda haka duhu ake so na gaske. A shiga ɗakin a zauna minti biyar, idan ido ya fara ganin hannu to akwai kafa, a toshe ta. Dare ya fi, kuma waya ta kwana a waje ko a kife ta cikin aljihu.

Kwanson da aka gama ɗauka yakan nuna rubutu a bakinsa mai shaida cewa fim ya ƙare. A gefensa akwai ƙaramar cibiya da kyamara ke juyawa, tana da haƙori a ciki da ke hana fim komawa baya. A murɗa ta da ƙarfi ta saɓanin yadda kyamara ke juya ta har a ji ƙas, haƙorin ya karye ke nan, daga nan a kashe fitila, a danna farantin da ke bayan fim da ɗan yatsa, a jawo fim ɗin a hankali. Wasu sun fi son fasa kwanson gaba ɗaya su ciro naɗin, wanda ya fi kare fim daga ƙarce amma yana buƙatar hannu mai sabo.

A maƙala bakin fim a tsakiyar faifai, gefen mai huji yana ƙasa cikin tsagi, fuskar da ke ɗaukar hoto tana kallon waje. Idan an rikice a duhu, a taɓa can ƙarshen fim da leɓe mai ɗan danshi, fuskar hoto ita ce mai kamawa. Hannun dama yana juya faifan, na hagu yana riƙe da fim ta gefe-gefe a ɗan kishingiɗe, ba a miƙe ba, sai a ji yana faɗawa cikin tsagi da wani siririn sauti mai tafiya bai ɗaya. Kunne ne ido a wannan wuri. Da zarar sautin ya canza, ko aka ji ƙaras, to fim ya tsallake layi, a warware baya kaɗan a sake. Idan an gama a shafa saman naɗin da tafin hannu a hankali, ya kamata a ji shi sumul kamar faifan tabarma, duk inda ya yi tudu akwai zagaye biyu a tsagi ɗaya.

Sharaɗin da ba a sassauta shi shi ne faifan ya bushe ƙarau, hannu ma haka. Na taɓa ɗauraye faifai da yamma na ɗauka ya bushe, ashe ruwa ya maƙale a cikin tsagin, ga zufar watan Afrilu a tafin hannu. Fim ya riƙa mannewa, na yi ta fama kusan minti arba'in, da aka wanke sai ga wurare biyar da zagaye ya kwanta a kan zagaye, magani bai shiga ba, suka fito da tabo mai ruwan madara, ɗaya daga ciki a daidai fuskar da na fi so. Tun daga ranar nake ajiye tawul a kafaɗa, kuma nake shawartar kowa ya yi atisaye da mataccen fim sau goma da ido buɗe, sau goma da ido rufe, kafin ya taɓa na gaske.

Wankin kansa

A ɗumama kwalaben a cikin kula har dibelofa ya kai digiri 38, a auna cikin kwalbar, ba cikin ruwan kular ba. Tankin Lomo yana da faɗi kuma yana shan zafi, don haka a fara zuba masa ruwa mai digiri 38 a bar shi minti ɗaya ko biyu, fim da tanki su ɗumama tare, a zubar. Ruwan zai iya fitowa da launi, wannan ba komai ba ne. Da yake zafi yakan sauka yayin aiki, da yawa sukan fara a 39 don a ƙare a wajen 37, tsakiyar ta faɗa inda ake so. A lokacin bazara saukar ba ta da yawa, a hunturu kuwa sai an zaunar da tankin kansa cikin bahon ruwan ɗumi.

Minti 3 da daƙiƙa 15 gajeren lokaci ne, kuma a nan ne awon da aka yi da rana zai yi amfani. Idan tankin yana cin fiye da daƙiƙa 15 kafin ya cika, ƙasan fim zai riga samansa nuna, a ga hoto yana kaɗawa kamar tuta. Hanyar kauce wa haka ita ce a kashe fitila, a ɗaga faifan, a juye dibelofa cikin tanki a buɗe, a nutsa faifan gaba ɗaya lokaci guda, a rufe, sannan a kunna fitila da agogo. A juya marikin faifan ba tsayawa a rabin minti na farko, a ɗan ɗaga shi a sauke don kumfa ta saki, daga nan a riƙa juyawa daƙiƙa biyar a kowane rabin minti. A juya ta wajen da ke ƙara ɗaure faifan, domin ɗaya wajen kwance shi yake yi a cikin magani. A fara tsiyayewa da wuri gwargwadon daƙiƙoƙin da aka auna, ta yadda magani na gaba zai shiga daidai cikar lokaci. Idan takardar kwalin ta ba da wani zafi ko wani lokaci dabam, ita za a bi, kuma ita za ta faɗi yawan daƙiƙoƙin da ake ƙarawa idan an sake amfani da maganin.

Bayan ɗauraya ta gaggawa sai bilic da fiksa. A tsarin Kodak kowannensu minti 6 da rabi ne, da ɗauraya a tsakani, masu biliks kuma su bi takardarsu su ƙara minti biyu ko uku a kai. Waɗannan magunguna ba sa wuce gona da iri, aikinsu ƙarewa yake yi, kuma fim ɗin ribasal yana da wasu siraran shimfiɗu na azurfa da aka saka don tace haske da hana shi dawowa, waɗanda dole bilic ya cinye su, in ba haka ba fim ya fito da duhu-duhu. A girgiza kwalbar bilic kafin a zuba, iska tana ƙarfafa shi. Zafinsu ba sai ya zauna daram ba, tsakanin 32 da 38 ya yi.

Daga nan an tsira daga haske, a buɗe murfi. Gefen fim da tsakanin firam, waɗanda a ribasal baƙi ƙirin suke fitowa, yanzu za a gan su garau kamar gilashi, sararin sama ya zama duhu, tumatir ya koma tsanwa-shuɗi. Jiƙaƙƙen fim yakan yi ɗan hazo mai kama da madara, kada a yanke masa hukunci sai ya bushe. Idan ya bushe hazon bai tafi ba, ko ya yi ruwan ƙasa, a mayar da shi bilic da fiksa a cikin haske, zai gyaru. A ɗauraye da ruwa mai ɗumi ana canzawa sau bakwai ko takwas cikin minti biyar zuwa shida, a kuma auna ruwan tankin saman ɗaki kafin a yi amfani da shi, domin da rana a bazara yakan zarce zafin da fim ke so. A ƙare da ruwan ɗauraya na kwalin, minti ɗaya, kada a sake sa ruwa bayansa. Tsohon fiksa da biliks suna ɗauke da azurfa, a tara su a jarka, kada a zuba a kwata ko kusa da rijiya.

Shanya

Mita 15 ba ta rataye a tsaye, sai a ɗaura igiyoyi biyu a banɗaki a lanƙaya fim a kansu, bayansa ne ke taɓa igiya, fuskar hoto tana sama, a bar shi sako-sako domin yana ɗan tsukewa idan yana bushewa. Ƙura ita ce abokiyar gaba, kuma firam ɗin Super 8 bai kai milimita 6 a faɗi ba, don haka ƙwayar ƙura ɗaya dutse ce a allo. A yayyafa ruwa a ƙasa da bango tun kafin a shigo da fim, a kashe fanka, a rufe taga da ƙofa, kada kowa ya shiga sai bayan awa biyu. Idan ya bushe a naɗe shi a faifan majigi, a haɗa masa farin jagora a kai da wutsiya.

Sikanin da juyawa

A gaya wa mai sikanin cewa dodo ne marar ruwan lemo. Idan ya bi da shi ta saitin dodon sinima, na'urar za ta cire lemon da babu shi, hoto ya tafi shuɗi ya lalace. Abin da ya fi shi ne a nemi ya ɗauko shi yadda yake, ba juyawa ba gyara, a shimfiɗe, a fayil mai zurfin launi na bit 10 ko sama kamar ProRes ko DPX, kuma ya buɗe firam ɗin har a ga gefen fim. Wannan gefen shi ne ma'auni: a manhaja irin DaVinci Resolve a fara daidaita ja da kore da shuɗi har gefen ya zama fari tas, sannan a juya hoton, gefen ya koma baƙi na gaskiya, sannan a nemo katin toka a daidaita tsakiya. Za a tarar cewa idan tsakiya ta daidaita, inuwa ta karkata wani launi, haske ya karkata wani, domin shimfiɗun rini uku ba su nuna da gudu ɗaya ba. Wannan karkatar ita aka fito nema, kuma wanda ya bi ta da gyara har ta ɓace ya yi asarar fim da magani. Ni fatar mutum kawai nake tsayarwa inda ido zai karɓa, in bar bango da sama da inuwa su tafi inda suka nufa.

Kada a jinkirta sikanin. Rinin da CD-4 ya gina a fim ɗin da aka tsara wa CD-3 ba lallai ya yi ƙarkon na asali ba, kuma tsarin E-6 yana da wani mataki na zaunar da rini wanda ruwan ɗaurayar C-41 na zamani ba ya yi. A ajiye naɗin a gwangwani a wuri mai sanyi da bushewa, a manna takarda a murfin mai ɗauke da sunan fim, da hasken da aka ba shi, da irin magani, da zafi, da minti, da ko karo na nawa ke nan da aka yi amfani da wannan dibelofa.